Inda Alƙalamin Sufi Ya Tsaya

A shekarun da gwamnatin Ingila ta ɗaure bakin aljihunta, ana rufe wannan ana rage wancan, ina zaune a wani flat a Moss Side, kuma ɗana ya rasu ban san sunansa ba.

Bakwaini aka haife shi. Ya yi 'yan kwanaki a kwalba, jikinsa duk wayoyi, bai kai ranar suna ba. Mijina likita ne, lokacin yana aiki a wani asibiti a garin da muke, Manchester, shi ya yi masa huɗuba. Ina kan keken marasa lafiya ina kallo ya buɗe 'yar tagar kwalbar, ya sunkuya ya kai bakinsa kusa da kunnen yaron. Na ga leɓɓansa suna motsi. Ban tambaya ba, don a gidanmu mai jego ba ta tambayar suna, sai ranar bakwai ta ji shi a bakin jama'a. Ranar bakwai ta same shi a ƙasa. Maza ne suka kai shi kamar yadda aka saba, ni aka bar ni da matan da suka zo gaisuwa da kulolin abinci. Abu biyu ke nan mijina ya riƙe shi kaɗai: sunan, da inda kabarin yake.

Da na yi arba'in na tambaye shi. Yana ɗaure igiyar takalmi bai ɗago ba.

"Ki yi masa addu'a kawai. Allah ya san sunansa."

Hajiyarsa ma ta kira ni daga Kano. Ta yi mini nasiha mai taushi, sannan ta ce, "'Yar nan, ɗan fari ko yana raye ai ba a kama sunansa, balle wanda Allah ya karɓi abinsa. Ki bar maganar, za ki fi saurin mantawa." Na ce to, Hajiya. Ba a jima ba aka mayar da mijina wani asibiti a Birmingham. Ya kama ɗaki can, ya ce in zauna tukuna har wa'adin hayarmu ya cika. Wani satin ya zo, wani satin ya ce babu isassun likitoci. In ya zo, barci yake yi da rigarsa a kan kujera.

Ni kuwa littattafan soyayya ne suka raine ni. Tun ina 'yar sakandare nake hayarsu a wajen wata mata a layinmu, in ɓoye cikin littafin lissafi. Babana, Allah ya ji ƙansa, yakan ƙwace ya ce za su lalata mini ƙwaƙwalwa, bayan kwana biyu in tarar da su a kan katifata, wani lokacin har da alamar ya naɗe shafi. Ya rasu ina da ƙaramin cikin yaron nan, ban samu zuwa gida ba. A littattafan nan na san yadda miji yake yi in an yi rashi. Yana durƙusawa gaban matarsa, ya riƙe hannunta, hawaye na bin sajensa, ya kira ta sanyin idaniyata. Ko ya yi fushi a littafi na ɗaya, ka san zai dawo a na biyu ko na uku. Abin da ake bukata kawai shi ne ka samo na biyun, ko da za ka taka har Sabon Gari a ƙafa. Na zauna a Moss Side ina jiran mijina ya zama irin mutumin nan.

Likitar unguwa da nake gani ta sa ni a layin ganin masu ba da shawara kan damuwa, ta ce layin yana da tsawo. Ta kuma tura ni wani zama da iyaye mata irina suke yi a cibiyar yara a Hulme. Sau ɗaya na je. Zuwa na biyu na tarar da kwaɗo a ƙofa da takardar council, hukumar gari, ta cewa an rufe. Laburaren unguwa, inda nake zuwa in zauna kusa da hita in kalli mutane, shi ma aka mayar da shi rabin sati. A jikin ƙofarsa na ga sanarwa: wani tsohon gidan ajiye littattafai a cikin gari yana neman masu aikin sa kai, saboda an sallami ma'aikatansa. Ban san komai game da aikin ba. Na je ne don kada in yini da gadon jaririn da har lokacin yake naɗe a bayan ƙofa.

Wata tsohuwar Baturiya ce ta karɓe ni, doguwa, mai furfura a yanke, rigar sanyinta ta ɓule a gwiwar hannu. Ita kaɗai ta rage a ɗakin tsofaffin rubuce-rubuce, kuma ita ma an gaya mata in bazara ta shigo za ta tafi. Kafin nan ana so a ɗauki hoton duk abin da ke ɗakin, a zuba a akwatuna a kai ma'ajiya a bayan gari. Ta dubi hannuwana ta ce in wanke da sabulu in tsane su sosai, kuma kada in ƙara shafa mai ranar aiki.

"Ina safar hannu?" na ce. Na gani a talabijin.

"Wannan na 'yan talabijin ne. Yatsa tsirara ya fi sanin inda fata za ta yage."

Fata ta ce, kuma fatar ce. Littafin da ta ɗora a kan matashin soso ba takarda ba ne, fatar 'yan maruƙa ce da aka kankare aka shanya tun ɗaruruwan shekaru. In ka karkata shafin ga haske kana ganin ramukan gashi. Wani shafin yana da huda, inda ƙila wuƙar mai jima ta zarce, sai mai rubutu ya zagaye hudar ya ci gaba da layinsa. Ta ce sufayen Kirista ne suka kwafe shi, mazan da suka bar duniya suka tare a gida ɗaya, ba aure ba haihuwa, suna ibada suna rubutu da gashin fiffiken tsuntsu. Harshen Latin ne, baƙin tawadar ya koma ruwan ƙasa, manyan baƙaƙen ja da shuɗi. Aikina in juya shafi, in ɗora wata igiya mai nauyi kamar carbi don ya kwanta, in janye hannu, ita ta danna kyamara.

Ɗakin da sanyi, don an rage wutar ɗumama gini. Tana aiki tana karantawa a ranta, wani lokacin ta yi tsaki, wani lokacin ta yi dariya ta hanci. Rannan na ce, "Me yake cewa ne?"

"Tarihi. Shekara kaza sarki kaza ya mutu. Shekara kaza kogi ya yi ambaliya. Nan a gefe yana ƙorafi yatsunsa sun sandare." Ta hura nata yatsun. "Ɗan'uwana ne."

"Babu mata a ciki?"

"Jira ki gani. Wannan sufin yana da ɗan rauni. In ya gaji da sarakuna sai ya saki tarihi ya kama tatsuniya."

Haka kuwa aka yi. Muna cikin juya shafuka ya kawo labarin wata 'yar sarki da aka aurar wa wani jarumi baƙo. Ba su daɗe ba yaƙi ya kira shi ƙetaren teku. Ta koma wani gida a bakin gaɓa ta zauna, kullum tana fitowa ta tsaya a ƙofa. Tsohuwar tana fassara mini layi-layi, da muryarta ta masu karanta labarai, ni kuma ina ƙarasa sauran a raina. Na ba 'yar sarkin dogon wuya da fararen idanu da wushirya. Na ba jarumin faffaɗan ƙirji da ƙamshin turare. A bas ɗin da ke bi ta Ardwick, ruwa yana zuba a gilashi, nakan rufe ido in ga jirginsa yana tahowa. Na fara cin abinci. Na fara gaggawar gari ya waye.

Tsohuwar ta lura. Ta ce, "Kin san dai shafi biyu muke yi a lokacin da ya kamata mu yi goma?"

"Ke ce kike tsayawa fassara."

"Ke ce kike yi mini idon maraya."

Ita kaɗai na gaya wa zancen ɗana, wata rana muna shan shayi a matattakala, don an hana shiga da ruwa ɗakin. Ta shanye shayinta. Sannan ta ce, "Me kike kiransa in kina tunaninsa?" Na ce babu. Yaron, nake cewa. Ta gyaɗa kai ta karɓi kofina.

A labarin, shekaru suka wuce, aka matsa wa 'yar sarki ta yi wani aure ta ƙi. Sai ga wani ɗan aike ya iso a kan doki, duk ya yi futu-futu da taɓo. Ya sauka, ya durƙusa gabanta, ya buɗe baki. Na juya shafi, sai na ga katakon bangon littafin.

"Ina na biyun?" na ce.

Tsohuwar ta yi dariya har da tari. Na yi mata bayanin yadda namu suke, yadda marubuciya take tsayawa daidai inda numfashinka ya ɗauke ta ce sai a littafi na gaba. Ta ce wannan ba dabara ba ce. Da wani sarki ya rushe gidajen sufaye, littattafansu sun watse a hannun 'yan kasuwa, wannan aka raba shi biyu aka sayar. Rabi ya zo nan. Rabi yana Birmingham, a laburaren wata tsohuwar makarantar limaman coci.

Birmingham. A duk garuruwan ƙasar nan, sai garin da mijina yake. Wanda ya tashi a kan littattafan da na tashi a kai ba ya ɗaukar irin wannan a matsayin dacewa kawai.

"Na taɓa ganinsa ina yarinya," in ji ta. "Ban tuna da wata 'yar sarki a ciki ba. Kada ki sa rai."

Ban saurare ta ba. Ai ko mai hayar littafi takan ce ta manta, don kada ta ɓata maka labari.

Ta nema mana izini. Aka ba mu rana a satin da ya biyo bayan sallamarta. Ta ce za ta raka ni, tunda yanzu ba ta da abin yi sai kallon tsuntsaye ta taga. Na kira mijina.

"Likita, zan zo garinku."

"Lafiya?"

"Littafi zan zo karantawa. Ina so ka raka ni."

"'Yar littafi ke nan. Na Manchester sun ƙare, sai kin biyo na Birmingham?" Na daɗe ban ji ya tsokane ni ba. "Da wane yare?"

"Latin."

"Ikon Allah. Daga soyayyar 'yan Kano sai Latin. Ranar zan fito daga aikin dare, ban yi alkawarin idona zai buɗe ba."

Na saka atamfar da ya fi so a ƙarƙashin kot. Na yi kwalli. Ban shafa mai a hannu ba. A mota tsohuwar ta yi ta gyangyaɗi, ni ina tsara yadda za a yi: ɗan aike zai ce jarumi yana raye, yana bayan tudu, mijina zai ji, ya dube ni, wani abu ya karye a ƙirjinsa.

Muka same shi a ƙofar makarantar da hantsi, yana jingine da bango. Ya rame. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, idanunsa ja. Ya gaida tsohuwar da ladabi, ni ya ce, "Kin sha hanya." Aka sa mu muka wanke hannu, aka kawo littafin a akwatin kwali. Girmansu ɗaya da namu, fatar iri ɗaya, har warin. Ni na buɗe.

Tsohuwar ta gyara tabarau. Shafin farko yana ɗauke da hannun sufina, na gane shi, yadda yake jan wutsiyar baƙaƙe. Ta karanta: ɗan aike ya ce, ranki ya daɗe, na fito daga ƙetaren teku, kuma na ga. Nan layin ya tsaya a tsakiya. Ƙasa da shi an bar fili kamar faɗin yatsa biyu. Daga nan wani rubutu ya fara, ƙanana, a tsaye, tawadarsa ta fi baƙi.

"Wani hannun ne," in ji ta.

"Me ya gani?"

"Bai faɗa ba." Ta bi layin da ido. "A wannan shekara ruwa ya yi yawa, hatsi ya ruɓe a gona. Annoba ta faɗa wa shanu. Aka gyara rufin coci."

"Ki duba gaba."

Na juya, ta duba. Na sake juyawa. Sarki ya ɗora haraji. An yi kusufin wata. Wani bishop ya mutu a hanya. Na yi ta juyawa har ma'aikacin wurin ya ɗago ya dube ni, tsohuwar ta dafa wuyan hannuna. Babu 'yar sarki, babu ɗan aike. An bar ta tsaye a ƙofa, mutum durƙushe a gabanta da baki buɗe, har yau.

"Don me zai yi haka?" na ce. "Ai ya karanta na baya. Ya san tana jira."

Tsohuwar ta ce, "Ƙila bai san ƙarshen ba. Ƙila a kan na farkon kaɗai labarin yake. An ba shi alƙalami an ce ya rubuta shekara, ya rubuta shekara."

Mijina, da na zaci barci yake a zaune, ya yi magana da Hausa, a hankali. "Handover ke nan, miƙa aiki. Haka muke yi. Ka zo ka tarar da gado, wanda ke kai jiya babu shi, an canja zani. Ba ka tambaya. Ka ɗauki biro ka ci gaba daga inda aka tsaya."

"Kai ma haka ka yi da mu."

Bai musa ba. Ya zuba wa teburin ido.

Tsohuwar ba ta jin Hausa, amma ta san ba hira muke ba. Ta koma shafin farko, ina jin don ta ba idonta abin yi. Sai ta ce, "Na tsallake wani abu." A cikin filin nan da aka bari, can gefe, akwai layi ɗaya da sabon hannun, ƙanana ƙwarai. Ta karanta: a nan ɗan'uwanmu wane ya rasu, shi ya rubuta littafin nan zuwa wannan wuri, mai karatu ya yi masa addu'a. Ta faɗi sunan. Wani gajeren suna ne na mutanen da.

"Duk rabin da muka ɗauki hotonsa bai ambaci sunansa ko sau ɗaya ba," in ji ta. "Ba a so su yi. Da wannan bai rubuta ba, da babu wanda ya san an yi shi."

Na juya ga mijina. Ban tsara wannan a mota ba, kuma babu shi a kowane littafi da na karanta.

"Likita. Wannan mutumin bai iya labari ba, ba shi da tausayi, shanu kawai ya sani da rufin coci. Amma bai ci gaba ba sai da ya ajiye sunan. Ni ba na neman ka yi kuka. Na daina. Ka ajiye mini sunan kawai, sai ka ci gaba da shekararka."

Ya tashi ya fita. Na zauna ina kallon wata huda da ke ƙasan shafin har tsohuwar ta rufe littafin da kanta.

A waje ana yayyafi. Yana tsaye a ƙarƙashin wata bishiya da ba ta gama fitar da ganye ba. Tsohuwar ta ce za ta nemi shayi, ta wuce. Na je na tsaya kusa da shi. Bai riƙe hannuna ba, bai durƙusa ba, babu hawaye a sajensa. Titi yake kallo, kamar mai jiran bas.

"Sunan Baba na sa masa," ya ce. "Babanki."

Na juyo na dube shi, ya ci gaba.

"Na so ranar suna ki ji a bakin liman, in ga fuskarki. Da abin ya faru sai na ga in na faɗa miki, kin rasa shi sau biyu ke nan a shekara ɗaya. Hajiya ma ta ce in bari." Ya goge ruwa daga goshinsa. "Kullum sai na ce yau zan faɗa. Sai in ga gara in karɓi wani shift ɗin."

Ya gaya mini maƙabartar, ɓangaren Musulmi, layin yara da ke kusa da shinge. Ya ce akwai ɗan allo, ya sa an rubuta. Sannan ya duba agogo ya ce dole ya kwanta kafin yamma. Ya raka mu tasha, ya saya wa tsohuwar biskit. Bai ce yaushe zai zo ba, ni ma ban tambaya ba. Daga baya na koma Birmingham da zama, muka ci gaba, ba kamar da ba, ba kuma kamar a littafi ba.

A motar komawa tsohuwar ta ce, "Ya faɗa?"

"Ya faɗa."

"Me sunansa?"

Na buɗe baki. Tun da aka haife ni ban taɓa kama sunan mahaifina ba. Ko wata ƙawa ce take da ƙane mai sunan, sai dai in ce mai sunan Baba. Watanni ina neman abin nan, ga shi an ba ni, kuma harshena ba zai ɗauke shi ba. Na gwada a raina, ya ƙi fitowa.

"Ba zan iya faɗa ba," na ce. "A wurinmu ba a faɗa."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta ga ba wasa nake ba, ta mayar da kanta jikin kujera.

Washegari da safe na hau bas biyu na je. Ciyawa ta jiƙe, takalmina yana nutsewa. Layin yaran ya fi yadda na zata tsawo, tudun kowanne bai wuce tsawon hannuna ba, wasu da 'yan motocin roba da ruwa ya kashe wa launi. Na bi allunan ɗaya bayan ɗaya har na zo kan nasa. Na karanta da ido. Na tsuguna, na cire ganyayen da suka manne a kai, na ce, "Babana, ni ce."